Makon da Ba Wanda Ya Tambayi Ɗiyata

Ɗiyata ba ta kirana Inna. Adda take ce mini, yadda ƙannena suke ce mini, domin a bakinsu ta tashi ta ji. Innata ita ce Innarta. Ni ma ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Ita ce ta fari a wurina, kuma a gidanmu na Bukkuyum mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta tambayar ko ya ci abinci in akwai mai ji. In ya faɗi ya kurje gwiwa sai ta kau da kai, wani ya ɗauke shi. Haka Inna ta yi wa yayanmu, har yau da yake da gemu da iyalinsa a Anka "wancan" take ce masa. Na yi sakandare, na ga yadda wasu iyaye suke rungume 'ya'yansu ranar ziyara, amma abin bai taɓa damuna ba. Kunya ce, kuma ina ganin kyanta. In ina son yarinyar sai in ce "ke," ko in ce wa ƙanwata ta kira mini 'yar Inna.

Tana da shekara uku muka rabu da babanta. Ba zan rubuta abin da ya raba mu ba. Babu duka, babu zagi, zama ne dai ya ƙi. Shi mutumin Gummi ne, yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tasha. Bayan na gama idda, Baffana da yayansa suka zauna a zaurenmu suka yanke cewa ba za a raba yarinyar da kowa ba. Mako biyu a nan, mako biyu a can, har ta isa shiga firamare, sannan a sake zama.

Mai kai ta da kawo ta ita ce Goggo, ƙanwar kakanta na wajen uba. Tsohuwa ce mai daddawa, a Gummi take zaune, amma ba ta fashin kasuwar Bukkuyum. In ta tashi daga kasuwa sai ta biyo gidanmu, ta sha ruwa, ta yi la'asar, ta kama hannun yarinyar su nufi tasha. Duk wata magana tsakanina da babanta ta bakin Goggo take bi. "Ki ce masa takalminta ya matse ta." "Ya ce a rage ba ta alewa, haƙorinta ya fara." Lambarsa tana kaina har yau, amma tun da na bar gidansa ban taɓa danna ta ba. Bazawarar da ta kira tsohon mijinta, kafin gari ya waye an ce kome take nema. Shi ma in ya kira, an ce biko yake yi. Don haka muka saba: in an tafi da ita ba a ji komai ba, to ta isa lafiya. Sauran labari sai kasuwa ta zagayo.

Yarinyar kuwa ta zauna daram a kan wannan tsari. Takan ce "gidanmu na Gummi" da "gidanmu na nan," ba ta fifita ɗaya. Tuwon Inna ya fi daɗi, in ji ta, amma a can ana ba ta shayi da burodi. A Gummi sunan kakarta Hajiya aka sa mata, saboda haka su ma ba sa faɗin sunan, Uwata suke ce mata. Ranar tafiya da kanta take ɗauko 'yar jakarta, ta bi Goggo ko waiwaye babu. Wannan rashin waiwayen yakan ɗan sosa mini rai, amma na san alama ce mai kyau. Yaron da hankalinsa ya kwanta shi ne ba ya waiwaye.

Abin ya faru bara, damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi a gefen hanya. Lokaci ne da direbobi suke son barin gari da wuri, kowa ya san dalili. Ranar kasuwa ce kuma ranar tafiyarta. Ana idar da azahar wata mata ta yi sallama. Na san fuskarta sarai, ita ce take zama kusa da Goggo tana sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da Goggo, amma ta aiko mata cewa in ta tashi ta biyo ta tafi da yarinyar. Inna ta san ta, suka gaisa har da tambayar mutanen gida. Yarinyar ma ta san ta, don takan ba ta ƙuli-ƙuli a mota. Na haɗa mata kayanta. Ina durƙushe ina wanke-wanke ta zo ta tsaya a bayana.

"Adda, na tahi."

Na ce "to," ban ɗago ba, saboda baƙuwar tana tsaye.

Da yamma na ɗauki waya na riƙe. Ba Goggo ce ta tafi da ita ba, kuma hanya ba ta da daɗi a kwanakin. Na fara danna lambar, sai na ji motsin Inna a tsakar gida. Na tuna abin da zan ce: ina tambayar tsohon mijina ko 'yata ta fari ta iso. Kunya biyu ke nan a magana ɗaya. Na goge lambar na ajiye wayar. Da wani abu ya faru ai da an ji, haka na gaya wa kaina, kuma haka kowa a gidan zai gaya mini.

Kwanakin suka wuce yadda suka saba. Da safe in tafi kemis ɗin maƙwabcinmu inda nake taya shi sayar da magani, da rana in dawo in taya Inna aiki. Na wanke kayan yarinyar da ta bari, na ninke. Ina barcina lafiya. Wannan shi ne abin da har yanzu in na tuna nake jin sanyi a bayana: na yi barci lafiya duk kwanakin nan.

Ana gobe kasuwa za ta sake ci, ina zaune ina tsintar wake a faifai, wayata ta yi ƙara. Ƙanwar babanta ce. Ajinmu ɗaya da ita a makaranta, kuma ko bayan rabuwar takan kira ni jefi-jefi. Tela ce, tana da keke a gida.

"Matar yaya ta da," in ji ta, tana dariya. "Kina lahiya?"

"Lahiya lau, mai keke. Yau an tuna da mu?"

"Aiki ya tuno mini ke. Kayan Maulidi nike ɗinki. Ki samo zare ki auna mini Uwata daga kafaɗa zuwa idon sawu, yarinyar ga kullum ƙara tsawo take awa dawa."

"Ki auna ta mana. Ba ga ta nan gabanki ba?"

"Gabana ina? Ke dai kin riƙe muna ita, mun yi shiru ne kawai."

Na ce ta daina wasa. Ta ce wane wasa. Ina jin ƙarar keken wani yana tafiya a bayanta, can sai ya tsaya.

Na ajiye faifan a hankali, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Inna tana bakin murhu ta dube ni ta ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "'Yarki ba ta Gummi."

Ko a lokacin 'yarki na ce.

Ba a jima ba wayar ta sake ƙara, lambar nan da na sani ta fito. Rabon da in ji muryarsa tun ranar da na bar gidan. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba.

"Wa kika ba ita?"

"Matar da Goggo ta aiko. Mai kuka."

"Yaushe?"

"Ranar kasuwa, bayan azahar."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce in riƙe wayar kusa, zai je wurin Goggo. Da ya sake kira sai abin ya fito fili. Goggo da ba ta ga yarinyar ba, ta ɗauka mun ƙi ba da ita ga wadda ba dangi ba, har ta ji nauyin aiken da ta yi, ta yi gum. Shi kuma ya san Goggo ba ta je kasuwa ba, sai ya ɗauka yarinyar tana wurina sai wani makon. Ya ce ya so ya kira, ya fasa, kada a ce yana ƙirga mini kwana. Mai kukar ba ta da waya. Abin da Goggo ta sani kawai shi ne ƙauyensu yana bakin hanya kafin a shiga Gummi. Ya ce yanzu zai hau mashin.

Ba na son tsayawa a kan awannin da suka biyo baya. Duk wanda yake zaune a ƙasar nan ya san wani da ya hau hanya bai sauka inda ya nufa ba. Mata suka fara shigowa, ban san wa ya gaya musu ba. Inna ta shimfiɗa dadduma a inuwar ɗaki ta zauna da carbi. Ni na shiga ɗaki na zauna bakin gado, wayar a cinyata, ina kallonta. Yanzu ma da nake rubutun nan sai da na ajiye biro na ɗan fita tsakar gida.

Rana ta yi sanyi ya kira.

"Na same ta. Lahiyarta lau. Ga ta nan tana shan hura."

A bayansa ina jin kukan awaki. Ƙanwata ce ta karɓi wayar daga hannuna ta fita da ita wurin Inna.

Abin da ya faru ba wani abu mai girma ba ne. A ranar, motarsu ta kai ƙauyen matar sai suka haɗu da direbobi suna juyowa, suna cewa kada a wuce gaba. Direban ya sauke kowa. Matar ta tafi da yarinyar gidanta. Washegari mijinta ya ce ba wanda zai ɗauki ɗiyar mutane daga gidansa ya hau hanyar nan da ita, masu ita su zo da kansu. Ta ba wani direba saƙo ya kai wa Goggo, saƙon bai isa ba. Sai ta zauna jira. Ta yi wa yarinyar kitso, ta wanke mata kaya, tare suke kwana a gado ɗaya. Allah ya saka mata da alheri, ban da abin da zan ce da ita sai wannan.

A Gummi suka kwana, da safe ya kawo ta Bukkuyum domin Inna ta ce sai ta gan ta da idonta. Ya tsaya a waje wurin Baffa, yarinyar ta shigo ita kaɗai. Gidan cike da mata 'yan barka. Ta tsaya a tsakiyar gida da sabon kitsonta, tana bin fuskoki da kallo, har ta gano ni a ƙofar madafa. Ƙafafuna suka yunƙura. Idanu suna kaina, na manya da na ƙawayen Inna. Kafin in san abin da zan yi Inna ta sure ta, mata suka kewaye su. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, kin dawo?"

Sai da rana, da gida ya watse, na jawo ta ɗaki na rungume ta. Ta bari, amma jikinta a sandare, kamar ana gwada mata riga.

"Adda, kun san ina can?"

Na so in ce mun sani. Amma ta ga yadda babanta ya iso, ta ga taron matan.

"Ba mu sani ba."

"Baba fa?"

"Shi ma bai sani ba."

"To wa ya sani?"

Ta sa yatsa tana bin zanen zanin gado.

"Matar ta ce kun sani, gobe za ku zo. Kullum ina zama bakin hanya ina kallon mota."

Ba ta yi kuka ba, ranar ko bayanta. Tana cin abinci, tana zuwa Islamiyya. Abu ɗaya ne ya canza. Ta fara faɗin inda take. "Adda, ina bayan ɗaki." "Inna, na shiga bayi." "Inna, na hito." "Adda, ina wurin kaji." Da farko abin dariya ne, Inna har ta sa mata suna 'yar rediyo. Amma in ta faɗa ba a amsa ba, sai ta tsaya cak a inda take ta sake faɗa, ta sake, har sai wani ya ce ya ji. In na ce "to" ban dube ta ba, bai ishe ta ba. Malaminsu ya gaya wa Baffa cewa tana shiga aji take roƙonsa ya aika gida a ce ta iso, alhali makarantar tana bayan gidanmu. Wata rana tana barcin rana a tabarma, ta farka firgigit, idonta bai gama buɗewa ba ta ce, "Ina nan." Daga ranar Inna ta daina kiranta 'yar rediyo.

Da lokacin tafiyarta ya sake zuwa, Goggo ta warware ta zo da kanta, ta rame, tana ta ba da haƙuri har da hawaye. Yarinyar ta gaishe ta da kyau. Amma da ta ga an ɗauko jaka sai ta zagaya bayan rumbu ta zauna.

Goggo ta bi ta tana lallashi. "Uwata, taso mu tahi, Hajiya ta aje miki kaza."

"Ba ni zuwa."

"Don mi? Ai ni ce yau, ba kowa ba."

"In na tahi ba wanda ya san inda nike."

Goggo ta koma ita kaɗai. Kasuwa ta gaba ma haka. Amma da yamma yarinyar takan zauna kusa da ni ta ce ko Baba ya rufe shago yanzu, ko Hajiya ta sha maganinta. Tana son zuwa. Tsakanin gidan nan da gidan can ne ba ta yarda da shi ba.

Manya suka fara magana. Baffa ya ce yawon nan ya isa, yaro wuri ɗaya yake zama. Daga Gummi ma aka aiko da irin wannan, sai dai su a ganinsu wurin ɗayan gidan uba ne. Inna ta ce ba inda za a kai mata jika. Aka sa ranar da Baffa da yayan babanta za su sake zama. Na san yadda irin zaman nan yake ƙarewa. Ko ta wane gefe aka yanke, yarinyar za ta rasa gida ɗaya, kuma za ta ɗauka don ta ƙi shiga mota ne.

Ina kemis da safe, mai shagon ya fita, na zagaya bayan kanta na kira shi. Wannan karon mun gaisa, gaisuwa doguwa irin ta waɗanda ba su san ta inda za su fara ba. Na gaya masa yadda take faɗin inda take. Ya ce daren da ta kwana a Gummi ma haka ta yi ta yi, ya ɗauka gajiya ce.

Na ce, "Ba hanyar take tsoro ba. Ta gano in ta bar hannuna ba ni sanin ta shiga naka. Kai ma haka."

"To mi kike gani?"

"Ka zo da kanka. Ni kuma zan fito zaure in ba ka ita, tana gani tana ji."

"Baffanki zai yarda?"

"Kai dai ka zo da sahe, lokacin yana gona."

Gaya wa Inna ya fi kiran wuya. Na same ta tana kaɗa miya, na durƙusa gefe na faɗa mata, idona a ƙasa. Ta ci gaba da kaɗawa kamar ba ta ji ba.

"Bazawara ta hita zaure wurin wanda ya sake ta. Kin san mi za a ce?"

"Na sani, Inna."

"Kuma a kan ɗiyar fari. Ni na haihi bakwai, ban taɓa tsayawa gaban namiji ina maganar wancan ba."

"Inna, wancan gida ɗaya ya tashi. Ko ba ki tambaya ba kina ganinsa."

Ta ɗora murfi a tukunya. Daga can bayan ɗaki muka ji muryar yarinyar, "Inna, ina wurin tulu." Inna ta ɗaga murya ta ce ta ji. Ta daɗe tana kallon wuta.

"Ki sa babban hijabinki," in ji ta. "Ni zan zauna bakin ƙofa. Baffanku kuma ki bar ni da shi."

Ya zo da hantsi. Ya zauna a tabarma ta gefen ƙofar waje, ni na tsuguna ta gefen ƙofar ciki, Inna a kan kujerarta 'yar tsugunno a tsakani. Ya gaishe ta har ƙasa. Yarinyar ta ruga wurinsa, sannan ta tsaya, ta dube ni, ta dube shi. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganinmu a wuri ɗaya ba.

Na yi magana yadda za ta ji kowace kalma.

"Ga ta nan, na ba ka ita hannu da hannu. Tana ɗan tari da asuba, kada a ba ta ruwan firij. In kun isa ka kira ni. Ni za ka kira, ba ta bakin kowa ba."

"Na karɓa," in ji shi. "Muna isa zan kira. In hanya ta tsaya, daga inda muka tsaya zan kira. Uwata, kin ji?"

Ta ɗan karkata kai. "In wayarka ta mutu fa?"

"Ni da nike gyaran ta mutane?"

Inna ta ce, "Ai mun gani. Ka gyara ta duk mutanen Gummi, taka ta yi mako ba ta kira kowa ba."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Inna, a yi mini haƙuri."

Yarinyar ba ta yi dariya ba, ba ta gama ba. "In babu sabis fa?"

"Sai in hau tudu. In babu tudu in hau kan mashin in ɗaga hannu."

Ta juyo wurina. "Adda, in bai kira ba fa?"

"Sai ni in kira."

"In bai ɗauka ba?"

"Sai in shiga mota in zo."

"Har Gummi?"

"Har Gummi."

"Cikin gidanmu za ki shiga?"

Na ji Inna ta gyara zama. Shi ne ya ce, "Hajiya za ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa. Ai ba baƙuwa ba ce."

Yarinyar ta tsaya tana tunani, babban yatsan ƙafarta yana wasa da bakin tabarma. Can ta juya ta shiga gida, muka ji tana cewa ƙanwata ta miƙo mata jaka daga kan ƙusa.

Da ya ɗora ta a gaban mashin ta ce, "Adda, na hau."

"Na gani. Ina kallonki."

Na fito har ƙofar gida na tsaya, abin da ban taɓa yi mata ba. Masu zama a dakalin maƙwabta suna ta kallo. Ta yi ta leƙowa ta ƙarƙashin hannunsa har suka sha kwana. Kafin azahar ya kira, ya ba ta wayar. Ta gaya mini ta iso, tana tsakar gida, yanzu za ta shiga ɗakin Hajiya, ta shiga, ta zauna a kan gado. Na yi ta cewa na ji har katinsa ya ƙare.

Abin da Inna ta ce za a faɗa, an faɗa. An ce mun shirya a ɓoye, an ce ni na neme shi. Wani da ya fara zuwa zance wurina ya ɗauke ƙafa. Baffa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ba mu koma ba, kuma ba maganar komawa tsakaninmu. Zaman manyan dai aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har aka daina maganarsa. Goggo ta ci gaba da kai ta da kawo ta, sai dai yanzu kafin su bar gida ina kiransa a gaban yarinyar in ce sun taso, in sun isa shi kuma ya kira. In hanya ba daɗi, ba ta tafiya, kuma mu biyu muke gaya mata dalili, ni a kusa, shi a waya.

Faɗin inda take bai tafi lokaci ɗaya ba. Ya ragu ne a hankali, har ban lura da ranar da ta shiga bayi ba ta sanar ba. Ni ce ban warke ba. Duk ranar tafiyarta ba na iya cin abinci sai wayar ta yi ƙara, kuma in mota ta yi jinkiri kaɗan sai in ɓoye wayar cikin hijabi ina ta duba ta, kada masu sayen magani su gani.

Tafiyarta ta bayan nan, ya kira bayan la'asar ya ce sun iso lafiya. Na ce ya ba ta. Na ji yana kiranta, "Uwata, zo ga Adda." Daga nesa na jiyo muryarta cikin hayaniyar yara.

"Ka ce mata ina zuwa, magen Hajiya ta haihu."

Ya ce, "Kin ji ta. In kira ta kuma?"

Na ce ya bar ta. Duk da haka ban kashe ba, shi ma bai kashe ba. Na zauna bakin gado da wayar a kunne ina sauraron su suna gardamar wanda zai ɗauki farin ɗan magen, har ƙanwata ta leƙo ta ce Inna tana kirana in zo in kwashe tuwo.